Sawun Inna Tamo

Illa ya bugo waya daga Abijan:
"Maso, rage matakalar nan, tana cin fili,
shago nake so a gefenta."
Na ce to. Na jefa wayar aljihu,
na ɗauki gawayi.

Bangon nan na Bilbis shi ne allona.
Daga daɓe zuwa bene, mita uku da santi shida.
Na raba gida sha takwas,
kowane taki ya tashi sha bakwai.
Illa sha huɗu yake so.
Sha huɗu ai hawan akuya ne,
kuma ba akuya za ta kwana sama ba
ran da bazarar Tawa ta kori kowa daga ɗaki.

Na aika a kira mini uwarsa.
Ta zo tana jan gwiwar hagu,
tana mita, ni ina riƙe da mita.
Na ce, Inna, taka nan. Ta taka yashi.
Sawu ya fito, har da faso.
Na auna, na ƙara yatsu uku,
ashirin da tara,
don kada diddige ya rataya a iska.

Akwai abin da awo ba ya faɗa:
ƙafa mahaddaciya ce.
Taki uku ta biya, ta riƙe sauran,
ido ya tafi harkarsa.
In ɗaya ya yi mata ƙarya, ko da santi biyu,
shi ke nan.
A Yamai na koya, aikina na fari.
Na bar na ƙarshe ya ɗara 'yan'uwansa,
yarinya ta sauko da tukunyar kunu.
Shekara talatin ke nan,
in na ga tabon ƙuna a hannun mace
ƙasa nake kallo.

Bayan taki tara, wurin shan iska,
inda tsohuwa za ta tsaya
ta ce garin take kallo.
Sama kuwa, sai Ramatu ta wuce da kwanon wanki a ka
ba ta rusuna ba.
Ƙarfen dafawa daidai ƙugu,
tsakaninsa kada ya ci kan jariri mai rarrafe.

Da la'asar wayar ta sake kuka.
"Nawa ka rage?"
Na miƙa wa Inna Tamo.
Ban ji abin da ta ce masa ba,
na tafi kwaɓa siminti.