Igiyar Guga

Kat-kat biyu Tasi'u ya wanke ya jera
a inuwar bedi, gab da Kasuwar Dole:
matsakaiciya mai ruwan toka, kujera bakwai,
da ƙanwarta ja, mai guntun baya kamar ɗan akuya.

Ya daki ƙirjin babbar da tafin hannu:
"Malam Zabairu, wannan ko yashin Tanut ta gani, dariya take.
Buhu huɗu na gero, da yara, da raken Gidimuni,
da sauran wurin da baƙo zai miƙe ƙafa."
A bakin dillali kowace tsohuwa amarya ce.

Barira ta ce babbar. Ta ƙirga mana kawuna,
har da wanda ke tafe bayan salla.
Ƙanta makanike ya ce ƙaramar:
"Waccan shan asansi take
kamar raƙumin da ya dawo daga Bilma."

Na kwana ina ɗora jika bisa jika.
Albashin malamin dabbobi,
daidai ruwa, daidai tsaki.

Sai da asuba na tuna lungun Inna a Birni,
inda katangar Malam Gambo ta turo ciki,
dutsen da ya girmi garin kuma ya ƙi matsawa.
Bara, da gwiwa ta hana ta tashi,
a amalanke muka fito da ita bakin guduro,
ta rufe fuska da mayafi don kunyar maƙwabta.

Na kwance igiyar guga,
na auna daga katanga zuwa dutse, na ƙulla.
Na koma wurin Tasi'u, na ja ta madubi zuwa madubi.
Babbar ta wuce ƙullin da taki guda.
Ƙaramar ta bar mini yatsu uku.

Na biya.
Barira ba ta ce mini uffan ba sai la'asar.
Yara za su zauna kan juna kamar ƙore a tasa,
gero zai zo sawu biyu.

Ran Juma'a na naɗe madubai, na shiga a hankali,
dutse a hagu, numfashi a riƙe.
Taku uku Inna ta yi daga zaure.
Ta dubi motar sama da ƙasa:
"Wannan 'yar mitsitsiyar ake ta rigima a kai?"
Ta zauna gaba, ta gyara zane,
ta ce in kashe sanyin nan, yana shiga mata gwiwa.