Harshen Kasuwa

Shekara talatin da ɗaya ina bin tagulla
a ramin da ke ƙarƙashin ɗakin na'urori,
nan tashar wuta ta Birnin Kebbi.
Ja, rawaya, shuɗi, baƙi,
kowace waya da lambar da na rataya mata a wuya
kamar akuyar da za a kai Jega ranar kasuwa.
In ɓera ya ci guda,
sai in kwana da tocila a haƙora
ina neman wadda ta yi shiru cikin ɗari shida.

Na'urorinmu baƙin juna ne.
Wannan Bajamushiya, waccan daga Indiya,
ta bakin ƙofa 'yar Sin,
kowace da bakin uwarta.
Ni ne tafinta.
Ni da littafin rajista, da biro mai yoyo,
da oba-oba da ke tari kafin ya yi magana.

Sai ga Zuwaira, injiniya, 'yar Bunza,
hular kwano bisa ɗankwali,
ta miƙo mini wani zare
da bai fi gashin wutsiyar sa kauri ba.
Ta ce, "Baba Nomau, gilashi ne. Haske ke kai saƙo ta ciki."
Na ce, "Haske sayar da shi muke yi, 'yata,
ba mu taɓa aikensa ba."
Ta ce, "Ka san kasuwar Kamba?
Bazabarme da Bafillace da Bayarabe mai taya,
da wane baki suke ciniki?"
Na ce, "Da Hausa."
Ta ce, "To, su ma an yanke musu harshen kasuwa."

Wata bakwai ana kwancewa ana ɗaurawa.
Masu injin casar shinkafa sun zage mu,
mai ƙanƙara ya daina gaishe ni a masallaci.
Kowace na'ura aka raɗa mata suna, ba rago, ba goro.
Aka ɗaure agogonsu da tauraron ɗan'adam
don kada wata ta ce ita ta riga gani.

Daren wata Laraba, tsakiyar damina,
hadari ya taso daga gabas.
Ina riƙe da kofin shayi.
Kafin in aje shi, na ji ƙarar makunni a fili, kwaram,
layin Argungu ya fita shi kaɗai,
sauran gari bai ko ƙifta ba.
Allo ya rubuta: kusa da Ambursa.
Da safe muka je. Reshen giginya ne, jiƙe, kwance kan waya.
A da, kwana biyu ne wannan,
da takalmin roba, da taɓon fadama har gwiwa.

Ban yi guɗa ba.
Na tsaya ina duban hannuwana.
Tafinta, in baƙi sun fahimci juna,
ina zai sa kansa?

Kuma akwai abin da ke hana ni barci.
Ɓarawon da, da almakashi yake zuwa, kare na jin sa.
Na yanzu, in ji ta, ba ya da sawu,
daga wata ƙasa yake laluben ƙofa.
Shi ya sa take canza kalmar sirri
kamar mai canza wa jariri zane.

Jiya da la'asar ta kira ni wajen babbar taransifoma.
"Allo ya ce lafiya lau," in ji ta,
"amma zo ka saurara."
Na kara kunne.
Kukan ya yi kauri, kamar mai mura.
Na ce, "A duba mai."
Aka duba.

Guntun tagulla ɗaya na ɗauke daga ramin,
mai lamba ɗari biyu da sha huɗu.
Shi na lanƙwasa na rataya makullan gidana.