Mai Makullin Ruwa

Shekara ashirin da uku ke nan
makullin ƙofar kanal yana rataye a wuyana.
Da asuba in murɗa ƙarfe, ruwa ya kwarara
gonar Barau, gonar Tanimu, gonar wanda ban san sunansa ba,
ni kuwa in koma gindin ɗorawa
in zauna ina kallon Kadawa.

Ranar da takardar aiki ta zo
Inna ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo ta kan danga.
Ta ce, Ila ya huta da kallon sama,
ko fari, ko ambaliya, wata na mutuwa kuɗi na faɗowa.
Baba bai tanka ba.
Ya sauko da fartanyata daga rataya, ya miƙa wa ƙanena.
Ban san a ranar muka yi rabon gado ba,
shi ƙasa, ni inuwa.

Ɗayyabu ya shiga tumatir.
Na ga shekarar da kwando biyu ya sayi tunkiya,
ya yi rufin kwano, ya zo gaishe ni a kan sabon babur.
Na ga shekarar da tsutsar sharon ta cinye har kara,
ya sayar da babur ɗin, ya zauna a ƙofar gidana
yana zanen ƙasa da tsinke.
Ni na ranta masa kuɗin iri,
ina jin daɗi a ɓoye, Allah ya yafe mini,
wai ni ba na faɗuwa.

Sai da furfura ta fito na gane
wanda ba ya faɗuwa bai hau komai ba.
Akuyar turke ba ta ɓata,
amma iyakar duniyarta tsawon igiya.
Mudun masara ya yi tsalle ya bar albashina a zaune.
Uwani ta san ran sha biyu ga wata cokali ke fara jin ƙasan tukunya,
sauran kwanakin suna littafin Sale mai shago,
shafina ya fi na kowa.

Akwai wani rani da ba na son tunawa.
Oga ya aiko a juya ruwa shinkafar wani mai babbar riga,
alhali ranar layin su Barau ce,
albasarsa ta sunkuyar da kai kwana huɗu.
Barau ya tsaya a bakin kanal, bai zage ni ba,
ya ce, Ila, kai ma?
Na dubi makulli, na tuna takardar da ke ƙasan adaka,
na tuna bakuna bakwai,
na murɗa ƙarfen inda aka ce.
Maganar da na haɗiye a ranar har yau ba ta narke ba,
tana nan a maƙoshi, ta ƙi wucewa.

Yanzu saura shekara biyu in mayar da makulli sito.
Na ga Malam Jatau da ya riga ni,
duk bayan wata shida ya hau mota zuwa birni
ya tsaya a layi, ya tabbatar musu bai mutu ba,
ya dawo da fayil a hammata, ana ce masa kuɗin na zuwa.

Jiya da dare Nafi'u ya durƙusa gabana.
Baba, in nemi fom ɗin ƙaramar hukuma,
ko in bi Baffa Ɗayyabu injin casar shinkafa?
Yau ciniki, gobe babu wuta, jibi babu mai kawowa.
Na buɗe baki, sai na ji muryar Inna,
na rufe, sai na ga hannun Baba.
Na ce ya je ya kwanta.

Da asuba na murɗa ƙarfe kamar kullum.
Na daɗe ina kallon ruwan nan da ya taso daga Tiga,
an shafe masa hanya da siminti, dama da hagu,
ba ya ɓata, ba ya ƙafewa,
bai kuma taɓa zaɓar inda zai je ba.
Na tsoma hannu a ciki.
Da sanyi, wallahi, da daɗin taɓawa.