Rabin Aski a Ƙofar Marusa

Kwana shida aka ba ni.
Hanya ta cinye biyu.
A na uku na kai kaina shagon Ma'azu,
ya ɗaure min ƙyalle a wuya
kamar mai jiran hukunci.

Talabijin na rataye bisa madubi.
Wata mai kwat, daga ƙasar da ban taɓa takawa ba,
ta zagaye yankinmu da jan layi a taswira.
Sau huɗu ta ambaci addinina
kafin ta ja numfashi,
kowane a gefen hoton mai naɗi da bindiga.
Da ta zo kanmu sai ta ce, an rasa sojoji tara.
Tara.
Sai ka ce ƙwai ne suka fashe a kwali.

Ni na san taran nan.
Zayyanu na ciki,
wanda ke raba ruwan gorarsa biyu,
rabi na maƙogwaro, rabi na alwala.
Ba ta san da la'asar sakaliya aka harbe shi ba.
Ba ta san kalmar da ya cika da ita
ita ce ta ɗauka ta danƙa wa maharbinsa
ta ce tasa ce shi kaɗai.

A barikinmu na farko
Terhemba ba ya kwana kusa da ni.
In na shimfiɗa buhu zan ta da kabbara
sai ya jawo bindiga jikin cinyarsa.
Ya taɓa tambayata, ba wasa a fuskarsa:
Saje Sada, in rana ta ɓaci, ina za ka juya baki?
Na yi shiru. Abin ya tsaya min a nan,
kamar ƙayar kifi.
Bayan wata bakwai, a bakin wani rafi
da ko taswira ba ta san sunansa ba,
shi ya tsaya a kaina ina sujada
yana raɗa: yi sauri, amma kar ka rage raka'a.
Ba mai ɗaukar hoto a wurin.

Wani saurayi a kan benci ya miƙo waya.
Ai su ma sojojin su ne, in ji shi,
dubi yadda suka zane ɗan acaɓa a shingen hanya.
Na duba. Kakin irin nawa ne.
Ba zan ce ƙarya ba ce,
na ci tuwo langa ɗaya da masu irin wannan hannun.
Amma daƙiƙa talatin ka riƙe, yaro,
ni shekara goma sha ɗaya ke cikin takalmin nan.
Ka taɓa jin sunan Zayyanu?

Can a ce ɗan ta'adda ne ya ɓuya a kaki,
gida a ce kaki ya haɗiye Musulmin.
Gaba kura, baya sayaki,
ni kuma a kujerar aski.

Sai aka ɗauke wuta.
Inji ya mutu a tsakiyar kaina,
mai kwat ta nutse cikin baƙin gilashi da sauran zancenta.
Ma'azu ya yi tsaki, janareto ba mai.
Madubi ya nuno ni: gefe ƙwal, gefe daji.
Saurayin ya fashe da dariya.
Na so in ɗaure fuska, ta ƙi ɗauruwa.

Ladan ya kira azahar da zallar muryarsa.
Na kifa hula a kan aikin da bai ƙare ba.
A sahu, kafaɗar yaron ta taɓa tawa,
daidai inda aka ciro ƙarfen.
Bayan sallama ya ce, yallaɓai, wa ka ce sunansa?

Na faɗa masa. Ya maimaita.

Da yamma zan shiga Rafindadi
in kai wa tsohuwarsa carbinsa.
Talatin da ɗaya na tsinto a cikin ciyawa.
Biyun, har yau ban san me zan ce mata ba.