Biyu ga Mayu

Ƙarfe huɗu saura kwata aka ɗauke wuta,
janareton banki ya yi tari sau biyu, ya kama.
Malam Barau ya ajiye fayil a gabana
da hannu biyu, kamar mai miƙa jinjiri.
Har takardun ƙamshin citta suke yi.

Ni aikina karatu ne, ba na ganin kaya.
Shekara goma sha ɗaya a kujerar nan,
ban taɓa ganin teku ba.
Ruwan da na sani shi ne na ƙarƙashin gada
in zan koma Barnawa da yamma.
Amma jirage nawa suka ratsa teburina,
kowanne da sunansa, da hatiminsa, da ranarsa.

Takardar lamuni ta ce:
lodi kada ya wuce talatin ga Afrilu.
Takardar jirgi, can ƙasa wajen hagu,
inda aka buga shaidar kaya sun hau,
ta ce biyu ga Mayu.
Na cire tabarau na goge da bakin mayafi.
Biyu ga Mayu.

Ya ce, "Hajiya Tasalla, dubi sama,
ai ashirin da takwas aka rubuta."
Na ce wannan ranar karɓa ce a bakin ruwa.
Kaya a gindin jirgi daban, kaya a cikinsa daban.
Mu ranar da ƙugiya ta ɗaga kwantena muke ƙirgawa.

Sai ya shiga ba ni kwanakin ɗaya ɗaya,
yana lanƙwasa yatsu:
yadda matan Kachia suka tsaga cittar,
suka shanya ta a kan fa har ta yi ƙara,
yadda Saratu Yashim ta ba shi buhu tamanin
ba rubutu, sai "in an biya ka, ka biya ni",
daren da aka rufe kwantena a Kakuri,
gatarin tirela da ya karye bayan Mokwa,
kwana uku direba na barci a ƙarƙashin mota,
sannan layin Apapa, mai cin rana ba ya ƙoshi.

Duk na yarda.
Sai dai takarda ba ta da gurbin rubuta Mokwa.

Ya ja kujera kusa, ya rage murya:
akwai wani yaro a Ikko,
dubu ɗari biyu, ya mayar da Mayu Afrilu.
Na ce, Malam, jirgi ma yana da littafinsa,
kuma ba a Ikko ake ajiye shi ba.
Rana ba ta ƙarya.
Ban ƙarasa karin maganar ba, ya san sauran.

Abin da ke hannuna kaɗan ne:
in rubuta wa bankin can, su tambayi mai saye
ko zai yafe kwana biyu.
Na san farashin citta ya sauka tun Maris.
Wanda kasuwa ta juya wa baya
kwana biyu sun ishe shi ƙofar fita.
Wannan ban faɗa masa ba.

Na buga wasiƙar a gabansa, ya ga ta tafi.
Ya ɗauki hularsa daga gwiwa,
ya tambaye ni ƙarfe nawa suke buɗewa a can.
A daidai lokacin cittarsa na tsakiyar ruwa,
lafiyarta lau, ba jiƙa, ba fumfuna,
tana tafiya wurin mutumin da bai ce yana so ba tukuna.

Da dare na dafa shayi, na daka citta na zuba.
Autata tana kwance a kan leda da littafin makaranta,
ta ɗaga kai: "Umma, yau nawa ga wata?"
Na faɗa mata.
Ta rubuta da fensir, ta ga bai yi kyau ba,
ta goge, ta sake.