Shuɗin Ruwa a Lungunan Nima

Zuwera ta dawo daga Legon da kwamfuta a jaka,
ta ɗora ta inda nake ƙirga cinikin tirotiro.
Ta ce, Baba, matso ka ga yadda inji ke neman hanya.

Shekara ashirin da bakwai ina bayan sitiyari,
Nima zuwa Kaneshie, Sakul zuwa Madina.
Yau ƙwai zai koya wa kaza tsallaka titi?

Ba ta tanka ba. Ta danna.

Wani shuɗi ya ɓullo daga ɗigo guda,
ya malala kamar ruwan sama a lungunan Mamobi,
gida-gida, bai tsallake ƙofar kowa ba.
Ya ci karo da bango, ya tsaya,
bai yi ham ba, bai zagi uwar kowa ba,
ya juya.

Na ce, rage masa wuta.
Ta rage, har na ga yana tunani:
kowace mahaɗa da lamba a goshinta,
nan bakwai, can sha ɗaya,
in ya samu mai sauƙi sai ya goge tsohuwar
a gaban jama'a, ko kunya babu.

Da ya taɓa inda za shi
sai layi ruwan ɗorawa ya taso daga can,
yana bin sawu da baya har gida.

Ban gaya mata ba.
Daren da za a haife ta babbar kwata ta cika,
na ce na san yanke, na kutsa bayan masallaci,
aka toshe da bulo.
Na koma, na bi ta wajen mai kenke, rumfa ta faɗi.
Uwarta a kujerar baya tana cizon gyale,
ni ina rantsuwa saura kaɗan.
Sau uku na yi ribas.
Har gobe cewa nake hanya ɗaya na bi.

Na ce, wannan shuɗin da ya rage fa,
duk asarar mai ce?

Ta ce, a'a Baba, shi ya sa ake nuna shi.
Ba don ya leƙa can ba,
wa zai yarda nan ce ta fi kusa?

Kokona ya huce a kofi.
Yaron mota yana buga ƙofa, fasinja sun fara taruwa.
Na ce masa ya jira.

Zuwera, sa bango a nan, daidai bayan masallaci.
Sake kunnawa.