Taƙi Ɗaya na Waya

A Valparaíso, kan tudun da gidaje ke hawa kafaɗar juna,
matakala ɗari da sha huɗu daga titi zuwa ƙofarmu,
injin zuƙe ƙura ya yi tari sau biyu, ya yi shiru.
Ƙaurin roba ya cika falo.

Na ce, "Kaka, mu kai shi bola."
Evaristo ya dube ni ta saman tabarau.
Shekara talatin da takwas yana ɗaura wa jiragen ruwa wuta,
yau ko cokali rawa yake a hannunsa.
"Inji lafiyarsa ƙalau, jijiya ce ta tsinke.
Zare filogi tukuna, Rayén,
ɗora shi a cinyarki, inda idonki ke ganinsa.
Wuta ba ta san jika ba, ba ta san kaka ba."

Na bi wayar da yatsu kamar mai laluben ƙaya a tafin ƙafa,
na wuce inda ƙofa ta taɓa matse ta,
na wuce sawun haƙorin kyanwa,
har wuyan filogi.
Nan fatar ta dare, ta yi baƙi,
tagulla ta leƙo buzu-buzu kamar gemun masara.

Ya karɓa, ya shafa da babban yatsa. Ya daɗe.
"Aikin Ermelinda ne."

Na sani. Duk unguwa ta sani.
Kakata ba ta taɓa sunkuya wa bango ba.
Daga tsakiyar ɗaki take fizgo waya
kamar mai jawo kifi daga teku,
filogi ya yi tsalle, ya daki ƙafar tebur,
shi kuma daga kicin: "Matar nan, za ki kashe mu!"
Ita kuwa: "Mutu mana, in huta da shara."
Ita ta riga shi.
Watan Yuli, cikin ruwan sanyi, shekara biyu ke nan.

"In naɗe da salatif?"
"Salatif rufin asiri ne, ba magani ba.
Gyambon da aka rufe da ƙyalle, da dare yake tashi.
Yanke."
Ya ce yanke, amma bai saki ba.
Can ƙasa wani jirgi ya yi kuka, tsuntsayen teku suka amsa.
Sai da na buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

Filaya ta ce ƙas.

"Fere fatar a hankali, kada wuƙa ta lasa na ciki.
Ga su nan, shuɗi da ruwan ƙasa,
uwa ɗaya, riga ɗaya, amma ba sa ga maciji:
ranar da suka gaisa, gida ya kama.
Murɗa gashin kowanne ya zama tsinke guda,
kada silli ɗaya ya fita yawo."

Ƙaramin sukuru ya suɓuce, ya gangara ƙarƙashin firiji.
Na zage shi da zagin kakata.
Tsoho ya yi dariya har tabarau suka zame.
Na ɗaure dama, na ɗaure hagu,
na shaƙe maƙogwaron filogi a kan fata, ba kan jijiya ba,
na ja, bai motsa ba.

Na soka a bango.
Inji ya yi gurnani, labule ya kaɗa, kyanwa ta haye kabad.

Sai dai waya ta ragu da taƙi ɗaya.
Kusurwar taga, inda kujerarta take,
baki ya miƙa, ya miƙa, bai kai ba.
"Bar wurin," ya ce,
yana cusa ƙonannen guntun a aljihun ƙirji.

Da na gama, na tsaya a tsakiyar ɗaki, waya a hannu.
Ya ɗago, baki a buɗe, ihun a shirye.
Na taka har bango, na sunkuya,
na zare da yatsu biyu, yadda ya koya mini.

Ya rufe bakinsa.
Har yau ban sani ba ko na kyauta.